Ƙwayar "gezar zaki" da Baba ya sha wata uku

Bara Baba ya fara mantuwa. Sai ya ajiye carbinsa ya yi ta nema, ko ya tambaye ni sau uku ko an biya kuɗin wuta. Ƙanina da ke Ingila ya ji labari, ya aiko da kwalba uku na ƙwayar wani naman kaza da ake kira Lion's Mane, wato gezar zaki. A jikin kwalbar an rubuta wai tana ƙara NGF, tana tsirar da sababbin ƙwayoyin halitta a ƙwaƙwalwa.

Ni malamar bayoloji ce, na san NGF ba tatsuniya ba ce. Furotin ne mai raya jijiyoyi, a kansa Rita Levi-Montalcini da Stanley Cohen suka ci kyautar Nobel a 1986. A 1998 kuma aka nuna cewa hifokamfas, sashen ƙwaƙwalwa da ke ɗaure sabon tunani, yana haifar da sababbin ƙwayoyi ko mutum ya manyanta, ko da yake masana na jayayya kan yawansu. Abin da kwalbar ta ɓoye shi ne, an fi ganin naman kazan yana tayar da NGF a farantin ɗakin gwaji da jikin ɓeraye. Gwajin da aka fi ambata a kan mutane na Japan ne a 2009: mutum 30 kacal, mako 16. An ga ci gaba a ƙarfin tunaninsu, da suka daina sha kuma ya fara komawa baya.

Ƙwayar babba ce, tana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai da koko Baba yake iya haɗiye ta. Ba ta ɓata masa ciki ba, wannan na yaba. Amma wata uku cur ban ga canjin da zan rantse a kansa ba, kuma hakan ya yi mini ciwo, don na sa rai.

Da muka je asibiti aka tarar jininsa ya hau sosai. Likita ya ba shi magani, ya ce ya riƙa tattaki. A Amurka a 2011 an sa tsofaffi tafiyar ƙafa shekara guda, hifokamfas ɗinsu ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin 100, aka danganta hakan da BDNF, ɗan'uwan NGF. Yanzu bayan Asuba Baba yana zagaya unguwa da maƙwabcinmu, rabin awa. Na ce wa ƙanina kada ya sake aiko ƙwayar, ya aiko masa da takalmi mai taushi da na'urar auna jini.