Blandar da na sayo saboda maƙogwaron Baba

Wata uku kenan muna aiki da ita, bari in faɗi gaskiya. Baba ne ke fama da haɗiya, sai ya ci tuwo da rana, da dare ya dawo mai a baki yadda ya ci shi, ga tari ga warin baki, mu duk mun ɗauka olsa ce. Sai da lokotoro ya ba shi wani farin ruwa ya sha aka yi radiyo, wato hoton cikin jiki, aka ga ashe wata 'yar jaka ce ta fito a bayan maƙogwaro, nan abinci ke maƙalewa. Zenker suke ce mata, ta fi kama tsofaffi, kuma aiki ne maganinta, blanda ba ta warkarwa.

Kafin lokacin aikin dai na shiga babbar kasuwa na sayo ta jika 15. Dankali, kabewa, wake, ayaba duk tana niƙe su lugub, fura kam har ta fi damun ludayi laushi. Nama ne matsalarta, in bai dahu sosai ba sai zare-zare, dole in tace. Ga ƙara kamar injin markaɗe, kuma in kuran ya tafi sai mu koma turmi.