Sharhina a kan taraktar da na saya da kayan aikinta, da yadda na biya

Jama'a taraktar nan dai na yi aiki da ita sosai yanzu, ta yi huɗa ta yi haro ta ja tirela ta kwashi ƙasa, don haka ina ganin na isa in faɗi abin da na gani. A taƙaice na ji daɗinta kuma da za a maimaita irin girmanta zan sake ɗauka, amma akwai abubuwan da suka ɓata min rai wajen ciniki da wajen biya waɗanda nake so duk mai niyya ya sani tun kafin ya sa hannu a takarda. Matsakaiciya ce, mai ƙarfin doki 50, dizal, tayoyi huɗu duk suna ja, giyar hannu mai ƴar sandar gaba da baya, na haɗo ta da loda wato bokitin gaba, da garma mai faifai, da haro, da rotabeta wato injin da ke juyawa yana farfasa ƙasa, da tirela. Sunan kamfanin ba zan faɗa ba don kar a ce talla nake ko ɓatanci, na dai duba na Massey Ferguson da John Deere da Kubota da New Holland da Mahindra kafin na tsaya a kan ɗaya, kuma gaskiya a wannan ajin dukkansu suna da injina masu kyau.

Abin da ya fi taimaka min shi ne ban fara da zaɓen tarakta ba, da kayan aikin na fara. Tarakta ba kayan ja a bayanta kamar sa ne ba garma, sai ci kawai. Na zauna na rubuta ayyukan da nake yi a shekara, na ware wanda ya fi kowanne nauyi, a wajena huɗa ce a ƙasa mai laka da kuma juya rotabeta, sannan na tambayi masu sayar da waɗannan kayan kowanne ƙarfin doki nawa yake buƙata, daga nan ne lissafi ya kawo ni kan 50. Da tarakta na fara gani wallahi da ƙarama zan ɗauka don ta fi araha kuma ta fi kyan gani, ko kuma dila ya tura ni kan babba wadda za ta riƙa shan mai a banza.

To maganar ƙarfin dokin nan ma akwai inda ake rufe mutum. Lambar da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin bonet ƙarfin inji ne, amma rotabeta da injin yankan ciyawa da duk abin da ke juyawa ba wannan suke samu ba, suna samun abin da ya iso PTO ne, wato sandar nan mai tsaga-tsaga da ke juyawa a bayan tarakta, kuma kullum ya gaza na inji don giya da famfon haidirolik sun ci nasu a hanya. Tarakta mai 50 sai ka ga arba'in da ɗoriya ne ke fita ta baya. Saboda haka in mai rotabeta ya ce maka tana son doki kaza, tambaye shi na inji ko na PTO, in ya fara kame-kame ka duba takardar kayan da kanka. Akwai ma wajen gwajin taraktoci na Jami'ar Nebraska a Amurka da suke wannan aikin tun 1920, suna auna ainihin ƙarfin da tarakta ke bayarwa da man da take sha, in samfurin da kake so yana cikin waɗanda suka gwada to rahotonsu ya fi takardar talla amfani nesa ba kusa ba.

Sai nauyi, wanda ni a ganina ya fi ƙarfin doki muhimmanci ga mai huɗa, kuma ba wanda ke maganarsa a shago. Taraktoci biyu za su iya zama duk 50 amma ɗaya ta fi ɗaya nauyi sosai, mara nauyin in ta shiga ƙasa mai tauri da garma sai taya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana tona rami, injin yana da ƙarfin amma ba abin da zai danne shi ƙasa. Na ɗauki wadda ta fi nauyi a cikin biyun da suka rage min, na kuma sa aka zuba ruwa a tayoyin baya, ana cika su ne kamar kashi 75 cikin ɗari a bar sauran wa iska, bambancin da na gani ba kaɗan ba ne. Mai jan taya huɗu ta fi tsada, na daɗe ina jinjina kuɗin, amma duk mai niyyar sa loda kar ya ma tsaya tunani, domin da zarar bokiti ya cika nauyi ya koma gaba bayan ya yi sakayau, in tayoyin baya kaɗai ke ja sai ka tsaya cak a ɗan gangare ko a ƙasa mai danshi. Taya kuma na zaɓi mai manyan haƙora ta gona wadda ake kira R1, akwai R4 mai faɗi da ta fi jure kaya da tsakuwa amma a laka santsi take yi.

Maƙalar baya mai hannu uku, wadda ake rataya garma da haro, ita ma tana da aji kuma nan ne mutane ke sayen kayan da ba su shiga ba. Tsarin na Harry Ferguson ne, ya bazu a duniya da taraktar Ford 9N ta 1939, har yau kuma shi kowa ke bi, sai dai kaurin fin ɗin, wato ƙarfen da ake sokawa a maƙale kayan, ya bambanta. Aji na 1 fin ɗin hannayen ƙasa wajen milimita 22 ne, aji na 2 wajen 28, kuma tarakta mai ƙarfin 45 zuwa 55 a kan iyaka take, wata aji 1 wata aji 2 wata tana karɓar duka biyun. Tawa tana karɓar duka, wannan ya ba ni damar sayen haro na hannu mai rahusa ba tare da na je an yi min walda ko ƙirar wani abu ba. Ka kuma tabbatar tana da libar nan da ke ɗaga garma da kanta in ta ji ƙasa ta yi tauri ta sake saukewa, wasu ƙananan taraktoci ba su da ita, sama da ƙasa kawai suke yi, ga mai huɗa kuwa wannan rashi ne babba.

Giya ba zan daɗe a kai ba. Akwai ta haidirolik mai feda, ka taka gaba ta yi gaba ka taka baya ta yi baya, tana da daɗi ƙwarai ga aikin loda da wanda bai saba ba, amma tana cin ƙarfi kuma ba ta son jan nauyi wuni guda. Ni ta hannu na ɗauka mai sandar gaba da baya a gefen sitiyari, ban yi da-na-sani ba. Abin da zan ce a lura da shi shi ne PTO ya zama ba ya tsayawa in ka taka kuloci don canza giya, in ba haka ba duk juyawar da za ka yi a bakin gona sai rotabeta ta tsaya.

Kayan aikin kuwa ga yadda na same su. Lodar ita ce na ɗauka zan fi ƙarancin amfani da ita, yanzu ita ce ba ta hutawa, taki, yashi, buhuna, gyaran hanya, duk ita. Amma nauyin da aka rubuta tana ɗagawa a takarda yawanci a daidai fin ɗin da bokiti ke lanƙwasawa aka auna, kayan gaske kuwa gaba da nan suke zama, don haka abin da za ta ɗaga a zahiri ya gaza wancan, ka nemi lambar da aka auna a milimita 500 gaba da fin ita ce ta fi kusa da gaskiya. Kuma dole ka rataya wani abu mai nauyi a baya in za ka ɗauki kaya, ni haro nake barin mata. Garma mai faifai uku tana ja lafiya a ƙasa mai sauƙi, a laka mai tauri sai na sauko giya kuma ina jin injin yana nishi, mai irin wannan ƙasar zalla gara ya tsaya a faifai biyu ko ya ƙara girman tarakta. Rotabeta na zaɓi wadda faɗinta ya ɗan wuce sawun tayoyin baya don ta goge sawun, kuma mai kulocin kariya, in ta haɗu da dutse ko kututture sai ya zame maimakon ya karya wani abu a cikin giya, masu arahar bol ne ke tsinkewa sai ka sauka ka canza, a gona mai duwatsu za ka gaji. Tirelar mai juye kaya da kanta ce, kuma ita ce ta sa na nace sai an sa min bakin haidirolik na baya tun kafin a kawo taraktar, sa shi daga baya ya fi tsada nesa.

Yanzu maganar biya, inda raina ya ɓaci. Dilan ya ba ni farashi biyu, na kuɗi hannu da na biya kaɗan-kaɗan wanda ya ce min ba ruwa a ciki ko kaɗan. Da na ajiye takardun biyu gefe da gefe sai na ga ragin da ake yi wa mai kuɗi hannu an cire shi gaba ɗaya a na biyun, ga kuɗin buɗe fayil, ga inshora da suka ce dole sai an yi har a gama biya, wato ruwan yana nan an dai canza masa wuri ne. Ban ce tsarin bai da amfani ba, wanda ba shi da kuɗin a dunƙule yana iya fitar da shi kunya, abin da ban so ba shi ne a ce min kyauta ne alhali ba kyauta ba ne. Tambaya ɗaya ce ta warware min komai, na ce ya rubuta min jimillar abin da zai fita daga aljihuna daga kafin alƙalami har biyan ƙarshe, a kowane tsari, lamba ɗaya. Ya yi ta kewaye-kewaye yana nuna min abin da zan riƙa biya duk wata don ya ga ƙarami ne, na ce a'a jimilla nake so. Daga ƙarshe na ba da kafin alƙalami mai kauri na rage tsawon lokacin, na kuma sa aka daidaita biyan da lokacin da amfanin gona ke shigowa maimakon wata-wata, da yawansu suna yarda da haka in ka tambaya amma ba za su fara faɗa maka ba. Ka kuma karanta ko akwai tara in ka biya da wuri, da ko akwai wani dunƙulallen biya da aka ɓoye a ƙarshe, da abin da zai faru in ka makara sau ɗaya.

Wani abin da ya yi min amfani, duk kayan da na san da dila zan saya na haɗa su a ciniki ɗaya da taraktar, lokacin ne kake da baki don yana son ya rufe cinikin, bayan ka biya ka dawo neman loda farashin kan allo za a ba ka. Amma ba komai ne sai sabo ba. Haro da tirela ƙarfe ne da boris, na hannu mai lafiya ya wadatar, abin da ke da giya a ciki irin rotabeta shi ne na fi son sabo da garanti. Kuma kar ka zuba duk kuɗin a saye, ka bar na mai da giris da filta da rumfar da za ta kwana, sabis na farko ma a awa 50 ake yinsa kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne in za a canza filtocin da littafin ya ce.

Na duba na hannu ma kafin nan, akwai masu kyau, sai dai mitar awa ba abin dogaro ba ce ita kaɗai don ana canza ta, ka dubi yadda feda ta cinye da wasan da ke cikin fin ɗin hannayen baya, ka sa a tada ta da sanyin safiya ka ga hayaƙin, ka rataya mata kaya mai nauyi a ɗaga a kashe inji ka ga ko zai riƙa sauka da kansa. Ni abin da ya mai da ni kan sabuwa garanti ne da kuma rashin bakanike na kusa da na yarda da shi.

Bayan saye fa? Injin bai taɓa ba ni matsala ba, yana tashi bugu ɗaya, man da yake sha daidai misali. Abin da na samu shi ne wani tiyon haidirolik na loda ya fara yoyo tun tana sabuwa, garanti ya ɗauka ba musu amma kayan gyaran ya daɗe bai iso ba kuma a tsakiyar aiki ne, na kira har na gaji. Wannan ya sa nake gaya wa kowa ya shiga ɗakin kayan gyaran dila ya gani da idonsa ko akwai filta da bel da tiyo a kan kanta, ya tambayi waɗanda suka saya a wajensa yadda yake yi in an kira shi, don alherin da ake maka ranar ciniki kowa ya iya shi. Kujerar ma ba ta da daɗi in an wuni a kai, kuma wasu wuraren giris ɗin an ɓoye su inda hannu ba ya kaiwa sai da dabara.

Don Allah kuma maganar tsaro kar a ɗauke ta wasa. Ƙarfen kariyar nan da ke bayan kujera a bar shi a tsaye a ɗaura bel, kifewa na cikin manyan abubuwan da ke kashe masu tarakta, kuma in ana tafiya da kaya a bokiti a sauke shi ƙasa-ƙasa. PTO yana juyi 540 a minti, sau 9 ke nan a daƙiƙa ɗaya, in ya kama bakin riga ba ka da lokacin ko ihu, a bar murfinsa a jiki kuma a kashe inji kafin a je kusa. Yara kuma ba a ɗaukarsu a gefe, kujera ɗaya ce.

In maki zan ba ta, taraktar kanta takwas cikin goma, lodar da rotabetar tara, dilan kuwa biyar saboda yadda ya so ya lulluɓe min lissafi da jinkirin kayan gyara. Mai ƴar gona ƙarama wanda aikin tarakta bai wuce ƴan kwanaki a shekara ba ni dai ina ganin haya ta fi masa, sai in zai riƙa yi wa wasu aiki ana biyansa. Ni yanzu abin da ya rage min injin shuka ne, shi ma sai na gama biyan wannan tukuna.