Ta tebur ko laftof: wacce bod ɗinta ya fi gyaruwa?

Assalamu alaikum. Wani ɗan'uwa a zauren nan ya ce laftof ɗinsa duk sanda ya kunna sai ya tarar kwanan wata ya koma baya, mai gyara kuma ya ce masa sai an canza bod, wato babban allon da sauran kayan cikin kwamfuta ke haɗe da shi. Yana kuma shirin sayen kwamfutoci na hannu, wato waɗanda aka riga aka yi amfani da su, don shagon buga takardu, shi ne yake so ya san tsakanin ta tebur da laftof wacce ba za ta riƙa ci masa kuɗi wajen gyara ba.

Malam, kada ka biya kuɗin bod tukuna. Alamar da ka faɗa ta batirin CMOS ce. A kan bod akwai ɗan agogo da ke ci gaba da ƙirga lokaci ko da na'ura tana kashe, kuma shi wannan batir ne ke riƙe da shi, tare da saitin BIOS, wato manhajar da ke tada kwamfuta kafin Windows, a na'urori da yawa. Batir ne fari mai kama da kwabo, volt 3, galibi CR2032: faɗinsa milimita 20, kaurinsa 3.2. Akwai 'yan'uwansa CR2025 da CR2016, faɗi ɗaya amma sun fi siranta, don haka ka duba lambar da ke jikin tsohon kafin ka saya. Yakan yi shekara 5 ko fiye, sai dai a wajenmu ba ya cika kai wa. Dalili kuwa, muddin kwamfutar tebur tana jone da wuta, fawa fak, wato akwatin da ke raba wa kwamfutar wuta, shi ne ke ciyar da agogon ko an kashe ta, batirin yana hutawa. Mu da NEPA ke ɗauke wuta, mu kuma zare waya da dare don gudun wuta mai ƙarfi, batirin ne ke aikin kusan kullum. Ga kuma na'urar hannu da ta yi watanni a sito da cikin jirgin ruwa kafin ta iso kasuwar Beirut Road a Kano.

Mutuwarsa tana kawo abubuwan da ke tsorata mutum. Burauza ta ƙi buɗe shafuka, saboda agogon ya ce muna shekarun baya, takardar shaidar tsaron shafin kuma ba ta dace da wannan ranar ba. Na'ura ta tsaya tana neman a danna F1. A wasu Dell, saitin faifan ajiya ya sauka daga AHCI ya koma RAID, Windows ta ƙi tashi, sai shuɗin allo. Wanda bai sani ba sai ya rantse bod ne ko faifai, alhali saiti ɗaya za a mayar.

To ga yadda aikin yake a ɓangarori biyun.

A ta tebur, aikin minti biyar ne. Idan tana tashi, ka fara shiga BIOS ka ɗauki hoton shafukan da wayarka: F2 a Dell, F10 a HP, F1 a Lenovo na ofis. Kashe ta, zare wayar wuta, danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don ragowar wutar ta fita. Cire murfin gefe, taɓa ƙarfen akwatin da hannunka. Za ka hango batirin yana sheƙi a cikin gurbinsa, da ɗan ƙaramin harshen ƙarfe a gefe. Ka tura harshen da farce, batirin ya yi tsalle ya ɗago. Saka sabo, gefen da ke da alamar + yana kallon sama, ka danna har ka ji ƙas. Wani lokaci yana ɓuya a ƙarƙashin katin hoto ko mazaunin faifai, iyakar wahalar ke nan. Kada ka ɗauko shi da hantsakin ƙarfe, za ka haɗa fuskokinsa biyu. Tsohon kuma kada ka bar shi inda yaro zai tsinta. Haɗiye irin wannan batir yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan awoyi, ba abin wasa ba ne.

A laftof kuwa, sai an buɗe ake sanin abin da aka saya. Na ofis irin ThinkPad da Latitude da EliteBook, yawancinsu batirin yana naɗe cikin leda baƙa ko rawaya, da siraran wayoyi biyu, ja da baƙa, da ɗan kan da ake sokawa a bod. Ka kwance murfin ƙasa, ka fara zare babban batir, sannan ka zare wannan ka soka sabo. Matsalar ita ce samun mai kai iri ɗaya, don kawunan sun bambanta, wani ma an juya masa ja da baƙa. A laftof masu araha na gida, sau da yawa an manna shi a ɗaya fuskar bod ɗin, sai an cire kibod, an zare wayar allo, an ɗaga bod gaba ɗaya. A nan ne ake karya ƙananan haƙoran roba, a yage siririyar wayar kibod, aikin ƙaramin batir ya haifi wani aikin. Wasu kuma an liƙe musu shi da dalma, irin ML1220, wanda shi caji yake yi. Idan aka cire shi aka sa CR wanda ba ya caji, bod zai riƙa tura masa wuta, ya kumbura ko ya zubo. Sannan akwai waɗanda ba su da shi sam, kamar MacBook na shekarun nan da wasu siraran laftof: babban batirin ne ke riƙe agogo, idan ya mutu agogo ya bi shi.

Wata ɗabi'a da nake gani a rumfunan gyara ba na so: a yage ledar, a ɗora bakin ƙarfen soda kai tsaye a jikin sabon CR2032 don liƙa wayoyin. Batirin lithium ne, zafi yana lalata shi, yana kuma iya fashewa. A nemi wanda ya zo da wayarsa daga kamfani, ko mai kunnuwan ƙarfe da aka yi don soda.

Kuma kada wani ya ruɗe ka cewa cire batirin nan yana goge faswad ɗin BIOS. A tsofaffin na tebur haka ne. A ThinkPad da makamantansu an ajiye shi a wani cif daban, ko shekara ka yi da batirin a aljihu yana nan. Kafin ka biya kuɗin ta hannu, ka shiga BIOS a gaban mai sayarwa ka tabbatar a buɗe take.

Sauran bod ɗin fa? Ta tebur ta yi nisa. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, a gurbi take, a ɗaga sanda a cire. RAM, ma'ajin wucin gadi, a zare, faifai a zare, fawa fak dabam yake, kuma shi ne ke fara shan duka idan wuta ta zo da ƙarfi. Tsarin ATX da Intel ta fito da shi a 1995 ya sa bod ɗin wannan kamfani yana shiga akwatin wancan. Amma a nan akwai tarko, kuma shi ya shafe ka: kwamfutocin ofis da suka cika kasuwarmu ba duka ke bin wannan tsari ba. OptiPlex 3020 da 7020 da 9020, alal misali, kan wutar bod ɗinsu mai ƙafa 8 ne maimakon 24, HP ma tana da nata. Idan fawa fak ya ƙone sai nasu, ko a nemo wayar da ke haɗa su. Abin da ya rufa asiri shi ne an shigo da su da yawa, gawarsu ba ta wuyar samu. Shi ya sa nake cewa idan guda huɗu za ka saya, ka sayi samfuri ɗaya, wadda ta kwanta ta zama kayan gyaran sauran.

A laftof, tun daga furosesar Intel zubi na 5, wajen 2015, furosesa a liƙe take da bod. Irin su ThinkPad T440p da Latitude E6440 na cikin na ƙarshe masu gurbi. Sirara da yawa RAM ɗinsu ma a liƙe, MacBook Pro kuwa daga 2016 wasunsu har faifan. Ba wai ba a gyara su ba. Akwai gwanaye masu bulowa mai hura iska mai zafi da madubin ƙara girma da ke bin layin wuta da mita, su gano ɗan kafasita guda da ya gaje su cire. Amma su kaɗan ne, mafi yawa kalma ɗaya suka iya, wato canza bod.

Gaskiya laftof tana da nata: tana tafe da batirinta, ɗauke wuta ba ya katse maka aikin kwastoma, kuma ba ta cin wuta sosai idan sola kake. Ta tebur ba UPS, batirin da ke riƙe ta idan an ɗauke wuta, wahala ce. Akwai tsaka-tsaki da nake ganin ya dace da shago: ƙananan nan, OptiPlex Micro, ThinkCentre Tiny, EliteDesk Mini. Caja suke amfani da ita kamar laftof, amma noti ɗaya ne murfin ya zame, galibinsu furosesa a gurbi, batirin agogo kuma a fili. Ni a wurinka su zan saya, ko cikakkiyar ta tebur idan akwai wuri. Ka nemi Intel zubi na 8 zuwa sama, tunda Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma daga zubi na 8 take farawa.

Laftof ɗinka kuwa, ka rubuta sunan samfurin a shafin kamfanin. Dell da HP da Lenovo duk suna sa littafin kwance na'urorinsu kyauta, da hotuna, za ka ga inda batirin yake. Ka koma wurin mai gyara ka ce ya auna shi a gabanka. Sabo yana nuna volt 3.2 ko kusa. Idan naka ya sauka ƙasa da 2.8, a canza. Idan an sa sabo agogon bai daina ɓata ba, a duba kan wayar, da diyod ɗin da ke kan layin batirin, da ɗan kiristal na 32.768 kHz da ke buga wa agogon lokaci. Duk ukun ana canza su ba tare da an taɓa sauran bod ɗin ba.