Sharhi kan apt-listchanges: yana da amfani, amma sai an gyara masa zama

Duk mai kula da kwamfutoci masu Debian ko Ubuntu (nau'ukan tsarin Linux) a Kano, ko a shagon buga takardu na bakin BUK ne ko a ɗakin kwamfuta na makaranta, ya san wannan ƙorafin: jiya firinta tana aiki, da dare an yi sabuntawa, yau ta ƙi. Tambayar farko ita ce, me ya canza? Na yi amfani da apt-listchanges a kan injina masu Debian 12 da Ubuntu 22.04 don amsa wannan tambaya, kuma hukuncina shi ne ya cancanci a ɗora shi, sai dai shi kaɗai ba ya isa.

Aikinsa ɗaya ne. Idan ka ba da umarnin sabunta manhajoji, wato apt upgrade, bayan an gama sauke ƙunshin manhajoji amma kafin a fara girka su, sai ya buɗe kowane ƙunshi ya zaro bayanin canje-canjen da aka yi tsakanin zubin da ke injinka da sabon, ya nuna maka a allo. A Debian yakan zo tare da tsarin. A Ubuntu sai ka ɗora da kanka da sudo apt install apt-listchanges.

Inda mutane ke yin kuskure shi ne barin sa yadda ya zo. Saitinsa yana cikin /etc/apt/listchanges.conf, kuma layin which yakan zo da news, wato manyan sanarwa kawai zai nuna. Mayar da shi both, sai ya haɗa da cikakken jerin gyare-gyare. Sannan layin confirm: muddin yana kashe, karatu kawai za ka yi, kana danna q girkawa ta ci gaba ko ka yarda ko ba ka yarda ba. Kunna shi, sai ya tambaye ka ko a ci gaba. Wannan tambayar ita ce rabin amfanin manhajar. Wanda ba ya son taɓa fayil da hannu ya yi sudo dpkg-reconfigure apt-listchanges, zai bi da shi tambaya bayan tambaya.

Ga irin abin da yake kamawa. Tun zubi na 8.8 na OpenSSH, manhajar shiga wani inji daga nesa, a shekarar 2021 aka kashe tsohuwar hanyar sa hannu ta ssh-rsa mai SHA-1. Ubuntu 22.04 ya zo da 8.9, Debian 12 kuma da 9.2. Wanda ke shiga tsohuwar rauta ko tsohuwar saba daga nesa, bayan sabuntawa sai ya ga an rufe masa ƙofa, ya yi ta zargin kalmar sirri ko kebul. Alhali sanarwar tana nan cikin abin da apt-listchanges ke nunawa kafin a taɓa komai. Minti biyu na karatu, ka tsira da yinin aiki guda.

Yanzu ga aibinsa, kuma a wurinmu ba ƙarami ba ne. Sai an gama saukewa yake magana. Idan sabuntawar megabait 400 ce, datarka ta riga ta tafi kafin ka ga layin da zai sa ka fasa. Maganin shi ne ka fara da apt list --upgradable ka ga abin da ke jira, sannan apt changelog da sunan ƙunshin da kake tsoro, kamar cups na firinta ko linux-image. Wannan rubutu kawai yake saukowa. Aibi na biyu, da Turanci ne, Turancin ma na masu gyaran manhaja, cike da lambobin CVE, wato lambobin da ake ba wa matsalolin tsaro. Ba sai ka fahimci komai ba. Nemi kalmomin removed, disabled da default, a nan ɓarna take ɓuya. Na uku, ba ya ganin snap ko flatpak sam, wato wasu hanyoyin girka manhaja da ba sa bi ta apt. Firefox na Ubuntu 22.04 snap ne, yana sabunta kansa shiru, sai ka duba snap changes.

Babban giɓin kuwa shi ne, apt-listchanges yana faɗin abin da masu manhaja suka ce sun canza ne, ba abin da ya faru a injinka ba. Wannan yana cikin /var/log/apt/history.log. Kowace sabuntawa tana da kwanan wata da lokaci, da umarnin da aka buga, da sunan wanda ya buga idan ta sudo ya bi, sannan kowane ƙunshi da tsohon zubi da sabo. A shagon da yara uku ke taɓa inji ɗaya, wannan fayil yana kashe gardama. Duk wata ana matse tsohon a buɗe sabo, don haka tsofaffin sai da zgrep, umarnin neman kalma cikin matsattsen fayil. Lokacin da aka gano ƙofar baya, wato hanyar kutse ta ɓoye, da aka dasa cikin manhajar matse fayil ta xz zubi 5.6.0 da 5.6.1 a watan Maris na 2024, layi ɗaya na zgrep xz-utils ya isa ya nuna ko injin ya taɓa karɓar su. Masu Debian 12 ba su karɓa ba.

Abokin tafiyarsa na gaske shi ne etckeeper. Yana sa duk /etc, inda fayilolin saiti suke, cikin git, manhajar adana tarihin canje-canje, yana ajiye kwafin yadda suke kafin apt ya fara da bayan ya gama. Ka shiga /etc ka yi sudo git log -p, sai ka ga layin da aka cire da wanda aka ƙara. Amma a kula: /etc/shadow, fayil ɗin kalmomin sirri, da makullan sirri suna ciki, kada a kuskura a tura wannan ma'ajiya intanet.

Haka nan idan dpkg, wanda ke yi wa apt aikin girkawa, ya tsaya ya ce ka gyara wani fayil ɗin saiti, yana tambayar na wa za a bari, kada ka danna Y da gaggawa. Danna D ka ga bambancin. Idan ka riƙe naka, sabon yana nan gefe da ƙarshen .dpkg-dist, idan ka karɓi sabo, naka ya koma .dpkg-old.

In ka gano mai laifin, apt install suna=tsohon-zubi yana mayar da shi, sai apt-mark hold ya riƙe shi. Sharaɗin shi ne tsohon yana samuwa. Umarnin apt yana share abin da ya sauke bayan girkawa, apt-get kuwa yana barin sa a /var/cache/apt/archives, shi ya sa na fi son apt-get a injinan aiki. Debian kuma tana da snapshot.debian.org, inda ake adana tsofaffin zubi.

Abu ɗaya da ya shafi Kano kai tsaye: kada a fara girkawa a kan kwamfutar tebur ba tare da UPS ko inbata ba. Idan aka ɗauke wuta ana tsaka, history.log zai nuna farawa babu ƙarewa. Kafin komai sai sudo dpkg --configure -a, sannan sudo apt -f install.