Kenya, Tanzaniya ko Kudancin Afirka: yadda ake auna tayin yawon kallon namun daji kafin a biya kuɗi

Duk wanda ya nemi farashin yawon kallon namun daji na kwana biyar ko bakwai daga kamfanoni uku zai karɓi takardu masu kama da juna, ɗauke da sunayen gandayen daji iri ɗaya da hotunan zaki da giwa iri ɗaya, amma kuɗin wani ya ninka na wani sau biyu ko uku. Laushin gado da yawan abinci suna cikin dalilan wannan bambanci, sai dai ba su ne ya kamata mai saye ya fara dubawa ba. Abin da ake biya wa kuɗi a wannan tafiya shi ne sa'o'in da mutum zai samu a cikin daji da sanyin safiya da kuma bayan la'asar, lokacin da dabbobi suke fitowa kiwo da farauta, tare da jagoran da ya san inda zai neme su. Da rana tsaka zaki kwance yake a inuwa, damisa kuwa tana kan reshe ba ta ko motsi. Saboda haka tayin da ya cinye safiya da yamma a kan hanya tsakanin wannan gandu da wancan yana da tsada, ko da kuɗinsa ya fi na kowa sauƙi.

Watan da za a tafi shi ne ke zaɓar ƙasa. A Gabashin Afirka damina biyu ake yi: babba daga Maris zuwa Mayu, ƙarama kuma a wajen Nuwamba, kuma ruwan nan shi ne ke juya garken nyumbu, wata dabba mai ƙaho da gemu da ta haura miliyan ɗaya, wadda ke zagaye tsakanin Serengeti ta Tanzaniya da Masai Mara ta Kenya tare da jakunan dawa da bareyi. Daga Janairu zuwa Maris garken yana kudancin Serengeti, a yankin Ndutu, inda ake haihuwar 'yan maruƙa, kuma nan ne mafarauta irin su zaki da kura suke taruwa. Daga Yuli zuwa Oktoba yana arewa, inda yake tsallake kogin Mara a gaban kadoji. Wanda ya sayi masauki a Ndutu a watan Agusta, ko a arewacin Serengeti a watan Fabrairu, zai ga dabbobi, amma ba zai ga abin da ya gani a hoton talla ba. Ko a kan kari ma, babu kamfanin da ke da ikon yi wa mutum alkawarin ganin tsallaken kogi, domin garke yakan tsaya a gaɓa na sa'o'i sannan ya juya baya; duk wanda ya rubuta irin wannan alkawari a tayinsa ya ba mai saye dalilin yin shakkar sauran maganganunsa.

Tsakanin Kenya da Tanzaniya, bambancin farko na fili ne. Masai Mara tana da faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,500, Serengeti kuwa ta kusa ninka ta sau goma. Ƙanƙantar Mara alheri ce ga mai ƙarancin lokaci, domin dabbobin a cushe suke, kuma kwana uku sun isa a ga zaki da giwa da ɓauna da raƙumin dawa ba tare da doguwar tafiya ba. Daga Nairobi mota takan yi sa'a biyar zuwa shida, ƙaramin jirgi daga filin Wilson kuma bai kai sa'a ɗaya ba idan bai tsattsaya a hanya ba. Illarta ita ce cunkoso: a watan Agusta motoci da yawa sukan kewaye damisa ɗaya, kowane direba yana neman gurbin da fasinjansa zai ɗauki hoto. Tun 2024 ƙaramar hukumar Narok, wadda ke kula da gandun, ta sanya wa baƙo babba dala 200 a rana daga Yuli zuwa Disamba, da dala 100 daga Janairu zuwa Yuni, don haka kuɗin shiga kaɗai na iya sauya lissafin iyali gaba ɗaya. Wanda ya ƙara Amboseli a kan Mara zai samu manyan garkunan giwaye da dutsen Kilimanjaro a bayansu, idan gajimare bai rufe shi ba.

Tanzaniya ta fi dacewa da mai kwana bakwai zuwa sama. Hanyar da aka saba tana tashi daga Arusha, ta bi Tarangire mai giwaye da manyan kukoki, ta hau Ngorongoro, sannan ta gangara Serengeti. Ramin Ngorongoro, wanda zurfinsa ya kai kimanin mita 600, yana cikin wuraren da aka fi sa ran ganin baƙar karkanda, amma ana biyan kuɗi na daban a kan kowace mota da ta sauka cikinsa, kuma wuni ɗaya ya wadatar. A ganina kuskuren da ya fi yawa a tayin Tanzaniya shi ne cusa gandaye huɗu a cikin kwana biyar. Daga Arusha zuwa tsakiyar Serengeti tafiyar kusan wuni guda ce, rabinta a kan hanyar burji mai ƙura, kuma idan aka cire ranar zuwa da ranar dawowa, abin da ya rage wa Serengeti bai taka kara ya karya ba. Gara gandaye biyu da kwana uku-uku, ko kuma a tafi da mota a dawo da jirgi.

Akwai zaɓi na uku a Kenya wanda masu tallar rahusa ba sa ambata. A kewayen Mara akwai filayen da masu masaukai suke haya daga hannun Masai masu ƙasar, irin su Naboisho, Olare Motorogi da Mara ta Arewa. A can an ƙayyade yawan gadaje da yawan motocin da za su tsaya a kan dabba ɗaya, kuma an yarda da fita da dare da tafiya a ƙafa, abubuwan da ba a yi a cikin babban gandun. Kuɗin kwana ya fi yawa, amma idan aka auna da sa'o'in kallo cikin natsuwa, sau da dama kwana uku a irin wannan wuri sun fi biyar a masaukin da ke wajen ƙofa.

Afirka ta Kudu tsarinta daban ne. Gandun Kruger, wanda aka ayyana a 1926 kuma faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 19,500, yana da titunan kwalta da sansanonin gwamnati irin su Skukuza da Satara, masu shaguna da gidan mai da ɗakunan da mutum zai dafa abincinsa da kansa. Hukumar SANParks, mai kula da gandayen dajin ƙasar, tana fitar da baƙi da motocinta da asuba da dare, kuma kamfanoni masu zaman kansu suna shirya tafiyar kwanaki da jagora daga Johannesburg. Wannan shi ne zaɓin da ya fi sauƙi ga iyali mai yara ko dattawa. Dajin yana da duhuwa fiye da filayen Serengeti, shi ya sa lokacin da ya fi kyau shi ne Mayu zuwa Satumba, sa'ad da ciyawa ta bushe dabbobi suka koma bakin ruwa. A gefen yamma kuma akwai gandaye masu zaman kansu irin su Sabi Sand, da babu shinge tsakaninsu da Kruger, inda mota buɗaɗɗiya take barin hanya ta bi damisa cikin daji, da mai bin sawu zaune a kan hancin motar. Mai neman damisa musamman ba zai samu wurin da ya fi nan ba cikin sauƙi, amma farashin ya yi nisa da na sansanin gwamnati.

Botsuwana da gangan ta zaɓi baƙi kaɗan masu biyan kuɗi da yawa. A fadamar Okavango, inda ruwan da ya taso daga Angola yake isowa a wajen Yuni zuwa Agusta, lokacin da ƙasar take cikin rani, ana shiga yawancin sansanoni da ƙaramin jirgi daga Maun, kuma kwana ɗaya na mutum ɗaya yakan haura dala 1,000 a kan kari. Hanyar rage wannan kuɗi ita ce tafiyar tanti mai tashi, inda ma'aikata suke kafa sansani su kwashe daga gandun Moremi zuwa na Chobe. Zambiya kuma, musamman Luangwa ta Kudu, ta yi suna da yawo a ƙafa tare da jagora da mai gadi ɗauke da bindiga. Duka biyun sun fi dacewa da wanda ya taɓa zuwa wani wuri a baya. Ganin gwaggon biri a Ruwanda ko Yuganda wani sha'ani ne na daban: izinin sa'a ɗaya dala 1,500 ne a Ruwanda, dala 800 a Yuganda ga baƙon waje, kuma Yuganda tana da farashi mai rangwame ga 'yan sauran ƙasashen Afirka, wanda ya kamata mai fasfon Najeriya ko Nijar ya tambaya tun kafin a rubuta masa lissafi.

Ba dole ne sai an je gabashi ko kudancin nahiyar ba. Zakouma ta ƙasar Cadi, wadda ƙungiyar African Parks take gudanarwa tun 2010 bayan maharba sun rage giwayenta daga sama da 4,000 zuwa kimanin 450, ta farfaɗo, kuma a ƙarshen rani tarin dabbobi da tsuntsaye a bakin tafkunanta abin kallo ne. Da damina ruwa yana rufe ta. A Mole ta arewacin Gana ana kusantar giwa a ƙafa, Yankari ta Bauchi kuma tana da ruwan ɗumi na Wikki. Sai dai wanda burinsa ganin zaki kowace rana ne kada ya sa ran samun haka a Mole ko Yankari, gandun W na iyakar Nijar da Benin da Burkina Faso, da Pendjari na Benin, kuwa rashin tsaro ya fitar da su daga lissafi a 'yan shekarun nan.

Bayan ƙasa da wata, sai mota da wanda ke tuƙa ta. Tafiyar haɗaka, inda ake haɗa mutum da baƙin da bai sani ba, ta fi araha, amma kowa sai ya bi ra'ayin jama'a wajen lokacin fita da tsawon tsayuwa. Idan matafiya sun kai huɗu, hayar mota ta kansu ba ta cika nisa da kuɗin haɗaka ba, domin ana raba kuɗin mota da mai da direba. A tambaya a rubuce ko motar ƙaramar bas ce mai buɗaɗɗen rufi ko Land Cruiser, ko kowa yana da kujerar taga, da kuma ko an ƙayyade yawan kilomitan da za a yi a rana. Game da jagora, Kenya tana da ƙungiyar jagorori ta KPSGA mai ba da shaidar tagulla da azurfa da zinariya, Afirka ta Kudu tana da takwararta FGASA, kuma kamfanin kirki ba ya jin nauyin faɗin matakin ma'aikacinsa. Jagoran da ya ƙware yana karanta sawu, yana sauraron kukan gargaɗin birai da tsuntsaye. Wanda bai ƙware ba rediyo kawai yake jira ya ji inda sauran motoci suka taru. Haka nan a nemi sunan kowane masauki a duba shi a taswira, domin kalmar "kusa da gandu" tana iya nufin tafiyar sa'a guda da layi a ƙofa, kuma wannan sa'ar ita ce mafi daraja a ranar.

Wajen kwatanta farashi, a tabbatar kowane tayi ya bayyana ko ya haɗa da kuɗin shiga gandu, harajin kashi 18 cikin ɗari da Tanzaniya take ɗorawa, ruwan sha, ɗauka daga filin jirgi, da ƙarin kuɗin mai kwana shi kaɗai a ɗaki. Tukuicin jagora da ma'aikata kusan kullum yana waje. Manyan sansanoni da yawa suna cusa kuɗin giya a cikin farashin kwana, wanda ke nufin marar sha yana biyan abin da ba zai taɓa ba, don haka ya dace a nemi farashin abinci kaɗai idan akwai. Batun nama kuma a yi shi tun da wuri: a Arusha da Nairobi samun yankan Musulmi ba wuya, amma sansanin da ke tsakiyar daji sai an sanar da shi kafin ya yi sayayya, kuma a kudancin nahiyar ana yawan kawo naman dawa a teburi. Tun da ba a sauka daga mota sai a wuraren da aka keɓe, a shaida wa jagora lokutan salla tun ranar farko don ya tsara tsayuwa.

Ƙananan jirage sukan ƙayyade kaya zuwa kilo 15 a jaka mai laushi. A saka rigar sanyi a ciki, domin asubar bakin Ngorongoro ko ta Kruger a watan Yuli ba ta gaza tsakiyar hunturu ba, a kuma guji shuɗi da baƙi a Tarangire saboda ƙudan tsando. Matafiyi daga Najeriya ko Nijar za a nemi katinsa na rigakafin zazzaɓin shawara, wanda dole a yi aƙalla kwana goma kafin tafiya. Ka'idojin biza suna sauyawa, kuma ta Afirka ta Kudu tana bukatar a nema da wuri, don haka a tabbatar da ita kafin a biya kafin alƙalamin da ba a mayarwa. A duba sunan kamfanin a jerin mambobin ƙungiyar kamfanonin yawon buɗe ido, wato KATO a Kenya ko TATO a Tanzaniya, a tura kuɗi asusun kamfani maimakon na wani mutum, a karɓi sharuɗɗan fasa tafiya a rubuce, sannan a tambaya ko tayin ya ƙunshi inshorar ɗauko marar lafiya da jirgi, irin wadda AMREF take bayarwa daga Nairobi.