Santa Fe ko Ostireliya: amsa ga mai son karatun zanen 'yan asalin ƙasa

Ƙanwata, na ga tambayarki tun daren jiya, na bari sai da na taso daga aiki. Ga waɗanda ba su gani ba: 'yar Mai Wurno ta Sudan ce, tana aji uku a kwalejin zane-zane ta Khartum yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023. Yanzu tana nan Jidda wajen kawunta, tana yi wa amare lalle, tana zanenta a takarda. So take ta fita waje ta karanci zanen mutanen da Turawa suka tarar a ƙasashensu, ta rasa wanda za ta ɗauka tsakanin Amurka da Ostireliya.

Kafin komai, ki cire "Indiyawan daji" daga bakinki, sunan da muka tsinta a fina-finan kaboyi. Suna da sunayensu: Navajo, Hopi, Cherokee, mutanen Pueblo. Mu da muka san yadda "Takari" ko "Fallata" ke fita daga bakin mai raini, mun fi kowa sanin nauyin suna.

A Amurka wuri ɗaya zan nuna miki: makarantar IAIA, wato cibiyar koyar da fasahar 'yan asalin Amurka, da ke Santa Fe, jihar New Mexico. An buɗe ta a 1962, cikin waɗanda suka kafa ta har da Lloyd Kiva New, ɗan ƙabilar Cherokee. Masu zane irin su Allan Houser da Fritz Scholder sun koyar a can. Makarantar 'yan asalin ƙasa ce, su ne mafi yawan ɗalibai, amma tana karɓar baƙi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne aikin hannu ake yi: fenti, sassaƙa, ginin tukwane, ƙirar azurfa, ɗab'i. Wanda ke gefenki a aji wataƙila kakarsa ce ta koya masa murza yumɓu. Garin kansa ba zai yi miki baƙunta sosai ba, don yawancin gine-ginensa siffar ginin laka gare su, kamar an ɗebo wata unguwa daga cikin birnin Zariya. Sai dai tudu ne mai tsayin garin Abha na Saudiyya, da hunturu ƙanƙara na sauka. Kowane watan Agusta kuma ana cin babbar kasuwar kayan fasahar 'yan ƙasa, wadda ta faro tun 1922. Can za ki ga ire-iren baƙaƙen tukwane masu sheƙi da Maria Martinez ta ƙauyen Pueblo na San Ildefonso ta shahara da su, waɗanda ake goge su da dutse har su yi ƙyalli.

Ostireliya lamarinta daban. Zanen Aborijin, wato 'yan asalin ƙasar, ba a jami'a yake zaune ba, yana can ƙauyukan hamada da arewacin ƙasar, a cibiyoyin da al'umma suka mallaka. Zanen ɗigo-ɗigon nan da duniya ta sani ya fito fili ne a ƙauyen Papunya a 1971, lokacin da wani malamin makaranta, Geoffrey Bardon, ya ƙarfafa dattawa su zana a bango da katako abin da a da suke zanawa a ƙasa da jikin mutum. A 1972 suka kafa kamfaninsu, Papunya Tula. Emily Kame Kngwarreye, wadda ta fi kowa suna a cikin masu zanen Aborijin, da rinin batik ta fara, ba ta kama fenti a kan yadi ba sai da ta doshi shekara tamanin. Babu ɗayansu da ya koya a jami'a. To ke baƙuwa me za ki samu? Tarihin zanen, nazarinsa, shirya baje koli, da gyaran tsofaffin ayyuka. Akwai ma kwas a jami'ar Griffith da ke Brisbane wanda aka tsara shi musamman don 'ya'yan Aborijin da mutanen tsibiran Torres su bi diddigin zanen danginsu, ba don baƙi ba. Shiga Arnhem Land, yankin Aborijin da ke arewacin ƙasar, kuwa sai da takardar izini.

Ga inda nake so ki tsaya ki yi tunani, don nan ne ƙasashen biyu suka haɗu, kuma nan ne mu muka saba da wani abu dabam. A wajenmu dagin arewa na kowa ne. Mai ɗinkin hula ya sa, magini ya sa a soro, ke ki sa a tafin amarya, ba wanda zai ce kin yi sata. Aska takwas ma haka. A wajensu zane gado ne kamar gona. A Ostireliya kowane labari na wani dangi ne da wata ƙasa, wani ma maza kaɗai ke da ikon ganinsa, wani mata kaɗai. Ɗigo-ɗigon da ke burge ki, a wasu ayyukan lulluɓi ne aka yi wa abin da ba a so bare ya gani. Zanen har hujjar mallakar ƙasa ne: a 1963 mutanen Yirrkala sun aika wa majalisar dokoki kokensu manne a ɓawon itace mai zanen danginsu. A 1994 kotu ta ci tarar wani kamfani da ya buga zanen Aborijin a dardumai da aka saƙa a Biyetnam ba da izini ba. Amurka kuma tana da doka tun 1990 da ta hana a sayar da aiki da sunan na 'yan ƙasa ne alhali ba ɗan ƙabila ya yi ba. A ƙauyukan Pueblo da yawa, ranar biki ba a ɗaukar hoto, ko fito da takarda da fensir ba a yarda ba. Saboda haka duk inda kika je, ba za ki dawo Jidda kina sayar da zanen Navajo ko na Papunya ba. Abin da za ki ɗauko shi ne dabarar hannu, da ganin yadda mutanen da aka danne suka riƙe nasu har ya shiga manyan gidajen tarihi.

Ke da kika zauna a kwalejin Khartum kin fi ni sanin labarin mai zanen nan na Sudan, Ibrahim El-Salahi. Ya yi karatu a makarantar zane ta Slade da ke Landan daga 1954 zuwa 1957, ya dawo ya baje ayyukansa, mutanen gari ba su ga kansu a ciki ba. Sai ya koma wa harafin Larabci da allo, da adon kayan gida na Sudan. Da wannan ne babban gidan baje zane na Tate Modern da ke Landan ya yi masa baje koli na musamman a 2013.

Sai maganar takarda da kuɗi, wadda ita ce ke yanke hukunci. Tun watan Yunin 2025 Amurka ta sa Sudan cikin ƙasashen da ta hana wa shiga, har da bizar ɗalibai. Iƙamar Saudiyya ba ta canza komai, fasfo ake dubawa. In ba an ɗage ba, Santa Fe a rufe take gare ki. Ostireliya a buɗe take amma da tsada: a 2025 kuɗin neman biza kaɗai ya kai dalar ƙasar 2,000, kusan riyal 5,000, kuma ba a mayarwa in an hana. Za ki kuma nuna kina da dalar ƙasar 29,710 na zaman shekara ɗaya, sama da riyal 70,000, ban da kuɗin makaranta. An yarda ɗalibi ya yi aikin sa'o'i 48 a mako biyu, wanda zai rage zafi amma ba zai biya karatu ba.

Da a ce ƙofofin biyu a buɗe suke, kuma burinki hannunki ya ƙara gogewa, Santa Fe zan ce. A yadda ake yau, ni Ostireliya zan tura ki, kuma fannin gyara da adana kayan tarihi. Cibiyar Grimwade ta jami'ar Melbourne tana koyar da shi, su ne suka yi aikin ceto zanen mutanen Warmun bayan ambaliyar 2011, tare da dattawan garin. Gidan tarihin ƙasa na Khartum an wawashe shi a yaƙin nan, ranar da aka natsu za a nemi masu wannan ilimi da fitila. Sai dai digiri na biyu ne, dole ki kammala na farko, kuma akwai kimiyyar sinadarai a ciki.

Kafin nan kada ki zauna jira. Gidan Jameel na fasahar gargajiya yana nan cikin Balad, tsohuwar unguwar Jidda, a Riyad akwai cibiyar Wirth da aka kafa a 2021. In kin sami hali ki je Rijal Alma ki ga zanen ƙatt da matan Asir ke yi a bangon ɗakunansu, wanda UNESCO ta sa a kundinta a 2017. Ki fara neman takardun sakamakonki na shekara uku daga kwaleji tun yanzu, su ne za su fi ba ki wahala. Ki zauna jarrabawar Turanci ta IELTS, ki ɗauki hoton ayyukanki masu kyau goma sha biyar zuwa ashirin, har da na lallen. In kin haɗa su ki turo min in duba, ki gaida min kawu.