Na sayi balasa da kuɗina, ga yadda ta kaya

Na daɗe ina fama da gindin dogon yaron da ke tsakar gidanmu a Birnin Kebbi, komai na shuka a wurin sai ya ƙi, ciyawar kafet ma na gwada ta mutu murus saboda inuwa ta yi yawa, ga ƙura kullum. Farkon watan Yuni na tsaya wurin wani mai sayar da furanni a bakin titi, ya nuna min wata shuka mai kwanciya a ƙasa ya ce wannan inuwa take so. Na ɗauki leda 15, kowace naira 300.

Ina sauke su Inna ta leƙo ta ce "kai ɗan nan, balasa ka sayo da kuɗinka? Wadda muke cirewa a gona muna ba awaki?" Wallahi sai da na ji kunya, shi kuwa mutumin ko sunanta bai faɗa min ba.

To kuɗi sun riga sun tafi, na dasa, na ɗan zuba takin awaki. Gaskiya ta yi aikinta. Duk gaɓar da ta taɓa ƙasa mai laima sai ta yi saiwa a nan, kafin ƙarshen Yuli ta rufe wurin ruf, ƙurar nan ta kwanta. Furenta ɗan mitsitsi ne shuɗi, kunne biyu manya da wani ƙarami fari-fari a ƙasa wanda sai ka duƙa za ka gan shi, da sassafe yake buɗewa, kafin azahar ya yanƙwane, in kai mai barcin safe ne ba ka da rabo.

Matsalarta ba ta san iyaka ba. Ta shige min cikin alayyafo, na cire na jefar gefe, bayan kwana uku na tarar ta kama a inda na yar da ita. Sai ka shanya ta kan siminti ta bushe ƙayau tukuna. Sauro ma na samun maɓoya a ciki da yamma. Da hunturu ya shigo na rage ban ruwa ta bushe, Inna ta ce kar in damu, har cikin ƙasa take yin iri, ruwan farko za ta dawo.

Zan bar ta, amma bana zan kewaye ta da bulo. Mai so kuma kar ya kashe ko sisi, ya je bakin fadama ya tsinko.